Inda Tantin Ya Ɗiga

Suraj, angona,

Gaya wa babanka ya bar maganar kai ni Kwadaso, ba ni zuwa! A tantin nan naka zan zauna har kafintoci su gama rufin ɗakina. Bayan azahar an tafka ruwa da iska, tantin ko gezau, katifata a bushe. Allah ya yi maka albarka.

Wuri ɗaya ya ɗiga, inda na manna kunne. Ka ce kar a taɓa in ya jiƙe, amma Latifatu da mijinta ke faɗa bayan katanga, ya zan yi?

Ƙara ɗaure igiyoyin, kar ka matsar da shi. Na tafi ba Habiba labari. Mijin ya buga ƙofa ya fice, ko takalmi babu!

Kakarka Alima