A Bar wa Marasa Gona Kabarsu

Zuwa ga shugaban furojen kula da itatuwa na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a wani ƙauye kusa da Dungas. Ni na fassara wa jama'a takardarku ranar taro. Kuka na kawo, kuma da laifina a ciki.

Na ɗaya. Takardar ta ce duk itacen da ke cikin gona na mai gona ne, don ya kula da shi. Na yaba, na sa hannu. Bayan kakar bana sai aka kori Inna Hanne daga wata gona tana yankan kaba, har aka karɓe laujenta. Mijinta ya rasu, ba ta da ko taki ɗaya na ƙasa. Da saƙar tabarma take ci.

Na biyu. Da ta zo gidana ba ta zagi kowa ba, tatsuniya ta tuna mini. Wai ranar da aka raba ƙasar nan, wata tsohuwa ta tsaya shayar da baƙo a rijiya, ko da ta iso an rabe gonaki kaf. Sai aka ce duk abin da ya tsiro ba da shuka ba nata ne, da ita da duk wanda ya rasa. Sharaɗi ɗaya: kada ta yanke tsakiyar kaba, don ta sake toho.

Wallahi tun ina ƙarami nake jin labarin nan, na ɗauka na sa yara barci ne. Ashe doka ce! Mutanen da ba su da biro, ba su da hatimi, sun yanka wa mara gona rabonsa, sun kuma tsare itacen, duk a labari guda. Ikon Allah! Ni da karatuna ban hango ba.

Roƙona, ranka ya daɗe, ku zo ku saurari tsofaffin matan garinmu, ku ƙara layi ɗaya a takardar: kaba ta kowa ce bayan girbi. Ku hanzarta. Inna Hanne ta daina gaya wa jikokinta tatsuniyar, ta ce ba ta so su girma su ce ƙarya ta yi musu.

Allah ya yi muku jagora, ya sa ku gama lafiya.

Wassalam.