Turmin Inna a Abijan

Zuwa ga Inna, a Dakoro.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Baba da su Zara. Ya ƙafar Baba? Allah ya sa gero ya yi kyau bana.

Ni lafiya lau. Wankau, wankin kayan mutane da nake yi, ya ɗan ja baya, ba kullum nake ɗora tukunya ba, amma kar ki sa wannan a ranki.

Yaran Hausawan unguwarmu a nan Abijan, da nake koya wa karatu a makarantar liman, farillan alwala sun ƙi zama a kansu. Sai na tuna waƙar da kika koya mana su da ita wajen daka. Na rera musu, suka kasa bi, don ba su san sautin taɓarya ba. Na aro turmi, ina daka suna amshi. Liman ya ce makaranta ba madafa ba ce. Da ya ga jikarsa tana gyara wa yayanta shafar kai, da bakinsa ya ce su rera ranar Mauludi.

Sai dai baitin wankin ƙafa ya kwanta mini. Don Allah ki rera shi, ki sa ƙanena Rashidu ya ɗauki muryarki a waya ya turo mini. In ba haka ba, Inna, yarana za su tsaya gaban jama'a da busassun ƙafafu.

Ki sa mini albarka.

Ɗiyarki,
Suwaiba