A Ɗaka Ku Kira Shi Nemel

Zuwa ga 'yata Hajna,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya jikinki? Yaya mijinki Keve, da ƙafar innarki? Fatake masu gishiri sun ce kin sauka lafiya, namiji ne. Ina bisa tsani labarin ya same ni, saura kaɗan in faɗo don murna. Barka da arziki, Allah ya raya mana.

Ni lafiya lau nake, sai ɗan tari na ƙurar dutse, bai kuwa hana ni aikin ginin cocin sarki ba. Wannan rubutun ma hannuna ne, malaman coci ke koya mana da yamma.

Sai dai nan birnin Fehervar ya yi tsit. Aladen daji ya kashe yarima a wurin farauta, shi kaɗai ya rage wa sarki. Tsoho Zolta da muke sassaƙa tare ya ce mini, "Torma, an raɗa wa yaro suna mai daɗi, an yi ta shelarsa, yaya mutuwa za ta ɓata hanya?" Tun daga ranar nake ji wa jikana tsoro.

Ku kai jikana a yi masa baftisma, kada dogaran sarki su taɓa ku. Amma a ɗaka ku kira shi Nemel, wato "ba ya raye", yadda kakanninmu ke yi don mutuwa ta wuce shi.

Kai kuma Fada, limamin cocinsu, na san kai ke karanta mata wasiƙa. Don girman Allah kada ka tsallake wannan wurin. 'Ya'ya huɗu na binne. Wadda ke zaune a gabanka ita kaɗai muka riƙa kira Shara, ita kaɗai kuma ta rayu.

Mahaifinki,
Torma