Yatsan Bahago

Litinin, 6 ga Mayu
Santarém. Na sayi nata biyu, ɗan kek ɗin nan mai madara da ƙwai da ake gasawa a gwangwani, duk ba gashin ƙanena ba ne. Na kife su ina duba ƙasansu, mai shago sai harara take yi kamar ma'aikaciyar duba-gari ce ta shigo mata. Shekara goma sha ɗaya rabona da ƙanena Anselmo. Direban da ke kawo mana fulawa ya ce ya gan shi a arewa yana gashi, amma sunan garin ya ɓace masa. Na gaya wa kowa saboda Mama nake nemansa.

Talata, 7 ga Mayu
Tomar. Na nan na inji ne, ƙasan sumul. Tir.

Alhamis, 9 ga Mayu
Coimbra. Anselmo bahago ne. In ya danna kwaɓin a cikin gwangwani da babban yatsa, gefe ɗaya kan fi kauri, ya bar ɗan rami a inda na kowa ba ya bari. Baba ya sha buge hannun nan, a banza. Ranar da muka binne Baba na ce masa wannan hannun ba zai gaji tanderunmu ba. Ya tuɓe rigar aiki, ya rataye, ya fita. To ni na ce ya tafi? Ban ce ba.
Wani tsoho a teburin kusa ya ce, “Baiwar Allah, ci ake yi, ba a yi musu duba.” Ya miƙo min kirfa. Na yi dariya, rabon da in yi har na manta.

Juma'a, 10 ga Mayu
Cikina ya gaji da zaƙi. Ƙafa ta kumbura. Gobe Viseu, daga nan gida.

Asabar, 11 ga Mayu
Ga ramin. Wani ɗan shago bayan kasuwa, nata da zafinsa, saman ya ƙone daidai. Na kasa ci.
Anselmo ya fito da garin fulawa har gwiwar hannu. Ya yi furfura, kai!
“Yaya Custódia. Kin tsufa.”
“Kai ma ba yaro ba ne.”
“Mama ce ta aiko ki?”
Na ce e. Ya ce zai duba, wataƙila ya zo gida bayan bazara. Ya koma ciki, wai akwai tire a wuta.

Lahadi, 12 ga Mayu
Motar safe ta tafi ba ni. Na koma shagon, na tsaya a ƙofar baya har ya ɗago. Na ce masa Mama ta shekara biyu ba ta gane kowa, ko ni ba ta sani. Ba wanda ya aiko ni.
Can ya turo min kujera da ƙafa.
Na ƙara kwana uku a masauki. Saboda kumburin ƙafar ne.