Ƙararrawar Baba

Yaya Warde,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya sanyin dutse, ya ƙafar?

Kin dai ji an raba dayosis ɗinmu, wato yankin da Bishop guda ke kula da shi, gida biyu, ƙauyenmu ya faɗa sabon ɓangaren. Abuna Jirjis, limamin cocinmu na dā, aka zaɓa Bishop, ya kuma ɗauke ni sakatarensa. Babban cocin nan kwarin Biƙa ba shi da ƙararrawa, shi ne yake son wadda Baba ya ƙera, ta cocin gidanmu. Makullin hasumiyar na hannunki. Don Allah kar ki ba ni kunya.

Ƙanenki, Abuna Sarkis

Sarkis,

Ina amsawa, ƙafa da sauƙi. Jirjis fa? Wanda Baba ya hana sayar da gonar zaitun ta coci, shi kuma ya rama ranar jana'izar Baba, ya kulle hasumiya ya ce kar a kaɗa, ya kuma ƙi yi masa addu'a? Kai kana makaranta a Roma. Ni na bi gawar maƙerin ƙararrawa har kabari, ba abin da nake ji sai takun takalma. Har yau abin na cin raina.

Amma tunda kai ka roƙa, ku turo mota. Ni zan naɗe ta da farin ƙyalle, kar wanda ya kwance sai ranar bikin, shi Jirjis ya fara kaɗa ta da hannunsa. Ga kwalbar zaitun nan, na ji an ce ka rame.

Yayarka, Warde

Yaya,

Gaisuwa. Me kika yi mini? Filin coci ya cika maƙil, limamai sun jeru, Bishop ya yayyafa ruwan albarka, aka yaye ƙyalle, ya ja igiya. Shiru! Ya sake ja da ƙarfi har hularsa ta karkace, ƙararrawa na lilo ba ko ƙis. Wata tsohuwa ta leƙa cikinta ta ce wa Bishop, “Sayyidna, ai ba ta da harshe!” Dariya ta ɓarke. Bishop ya ce in harshen, ƙarfen nan da ke bugun cikinta, bai iso ba kafin Lahadi, in tattara kayana. Ina kika kai shi?

Sarkis

Ƙanena,

Ina gaishe ka. Harshen na kan kabarin Baba, na sa an kafe shi da siminti. Ka gaya wa Sayyidna ya hawo da ƙafarsa, ya tsaya a wurin ya yi addu'ar da ya yi wa Baba rowarta, sai in ara masa guduma.

Kai kuwa, ɗakinka na nan, na share.

Warde