Taswirar 'Yan Fari

Asabar, 13 ga Janairu, 2024

Yau aka fara ajin Asabar a makarantarmu. Malama Ruth ce ke koyarwa, daga jami'a take zuwa. Ta ce za ta koya mana labarin ƙasa irin wanda ake yi a shekarar farko ta jami'a, ɓangaren mutane: ina suke zama, me ke tayar da su, ina suke nufa. Mu kuwa 'yan aji biyar na sakandare. Littafin da ta ajiye a tebur ya kai bulo nauyi. Garzali, sarkin iyayi na ajinmu, ya ɗaga shi ya ce ai ya taɓa karanta irinsa. Ƙarya yake, tun firamare na san shi.

Ƙarshen zango za ta zaɓi waɗanda za su ci gaba da ita. Ina cikinsu. Na rubuta a nan don kada gobe in ce ban faɗa ba.

Lahadi, 14 ga Janairu

Baba bai ji daɗi ba. Shi aikin jinya yake so in karanta. Ya ce, "Bilkisu, wa kika taɓa gani ya ci abinci da taswira?" Na yi ta magiya har ya gaji, ya ce to, idan malamar ta zaɓe ni sai a duba, idan ba ta zaɓe ni ba in rufe zancen har abada.

Inna tana gefe tana tsintar shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba. Na saba. Ni ce 'yar farinta, tunda na zo duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ni "ke" ce, ko "waccan". An ce kunya ce. To kunyar ta yi min yawa, wallahi wani lokacin haushi nake ji.

Asabar, 20 ga Janairu

Darasin yau ƙaura ne. Abin da ke korar mutum daga gida da abin da ke jan sa zuwa wani gari. Turancin littafin ya sha kaina, amma da Malama ta ce "cin rani" sai komai ya buɗe. Ashe abin da muke gani kullum a tashar Wudil, samari da jakunkuna suna hawa mota, shi ne wasu suka zauna suka rubuta masa littafi.

Laraba, 24 ga Janairu

Babi ɗaya, na karanta har idona ya yi ja. Na gane rabi. Rabin ma arziki ne.

Asabar, 27 ga Janairu

An raba aikin da za a yi zaɓen da shi. Kowa ya ɗauki gari, ya shiga gidaje ya yi tambaya, ya zana taswirar inda mutanen garin ke tafiya cin rani. Na ɗauki Indabo saboda Kaka, mahaifiyar Baba, tana can, ina da wurin sauka. Garzali ya ɗauki Achika, yana ta cika baki. Na tuna masa cewa shi a zaure zai ƙare, ni kuwa har ɗakin matan gida zan shiga.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Jiya da yau ina Indabo. Ƙafafuna sun yi tsami. Kowane gida sai an yi gaisuwa tun daga gajiya har dabbobi, sai an kawo fura, sannan in fito da tambayata: 'ya'yanki su wane da wane, kuma wa ya tafi cin rani? Matan sun amsa min da fara'a. Wata Kulu, maƙwabciyar Kaka, ta lissafo min yaranta tana dariya, ta ce duk suna gida.

Abin mamaki, waɗanda suka tafi ba su da yawa ko kaɗan. Littafi ya ce ƙauye irin wannan da rani ya kan zama fayau. Wataƙila na gano abin da masu littafin ba su sani ba. Na dawo ina jin kaina.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Na sha kunya.

Malama ta dubi taswirata, layuka ƙalilan kamar gashin jariri. Ta tambaye ni ko na ga samari a garin. Na ce a'a, sai tsofaffi da yara. Ta ce sabon kwanon rufi fa? Na ce gida-gida. Ta ce, "To wa ya aiko da shi, Bilkisu? Idonki ya ce an tafi, takardarki ta ce ana nan. Ɗaya ya yi kuskure." Garzali ya ce wai ko fura ce ta yi min yawa. Ajin ya kwashe da dariya.

Ta ba ni zuwa ƙarshen wata in gyara, in ba haka ba ba za ta karɓa ba. Da za mu fita ta ce in gwada tambayoyina a kan wanda na riga na san amsarsa.

A hanya na yi kuka kaɗan. Kafin in kai Sabon Gari na share fuskata, don kada Baba ya gani ya ce an gama.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Na gwada a kan Inna. Tana wanke-wanke na tsuguna gabanta da biro, na ce aikin makaranta ne. Na ce, "Inna, 'ya'yanki su wane da wane?"

Ta ce, "Saifuddeen, da Jamil, sai Auta."

Na jira. Ta ci gaba da cuɗa tukunya. Ina tsugune a gabanta, har gwiwata na taɓa zaninta, amma ba ni cikin lissafi. Raina ya ɓaci sosai, na tashi na shiga ɗaki.

Ina zaune a bakin gado sai abin ya faɗo min. Kulu. Kulu da yaranta da duk suke gida. Ai Kaka ta taɓa cewa babban ɗan Kulu yana Fatakwal. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, balle ta sa shi cikin hira da baƙuwa. Kuma wa ke fara fita neman abin rufin asirin gida in ba babba ba? Iyaye mata kaɗai na tambaya, su kuwa suka tsallake min ainihin waɗanda nake nema.

Na san wannan al'adar tun ina goye. A jikina take. Amma da na riƙe biro na zama 'yar boko, sai na manta da ita.

Lahadi, 18 ga Fabrairu

Na koma Indabo. Wannan karon ƙanne nake tambaya, da gwaggonni, da kakanni. Kakanni ma ba sai an roƙe su ba, suna faɗin sunan jika suna haɗawa da tsiya. Sunaye suka yi ta fitowa: Legas, Fatakwal, Abuja, Anacha. Mai dako, mai sayar da albasa, mai tuƙa babur.

Na jarraba Kaka, na ce ta lissafo nata. Ta fara daga Baffa, ta tsallake Baba. Na ce saura ɗaya. Ta ce in tashi in ba ta wuri, marar kunya.

Gidan Kulu ne ya tsaya min a rai. 'Yarta ce ta ba ni labarin yayansu Isyaku, ta ce bara ko damina bai dawo ba. Kulu tana jin mu, ta juya mana baya tana shara inda babu datti. Da zan fita ta rako ni har bakin zaure. Ba ta kalle ni ba, ta ce, "Ku da kuke karatun garuruwa, can wajen akwai tuwo kuwa?"

Na ce akwai, Hausawa sun yi yawa a can. Ta ce to madalla. Ta daɗe a tsaye bayan na wuce, na waiwaya na gan ta.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Zane. Layuka sun cika takarda, duk daga ɗigo ɗaya suka fita. Na ƙara shafi na bayyana kuskuren da na yi da yadda na gyara. Auta ya zubar min da koko a kan Abuja, na sake.

Asabar, 2 ga Maris

Malama ta zaɓe ni. Alhamdulillahi.

Ta sa na tsaya gaban aji na karanta shafin kuskuren, ta ce shi ya fi taswirar daraja. Ina zargin tun farko ta san abin da ya faru, ta bar ni in gano da kaina. Garzali ma ya shiga. Ya ce shi dama ya san zancen 'yan fari. Na ce sannu.

Lahadi, 3 ga Maris

Baba ya ce ya ji, amma "sai a duba" ya ce, bai ce ya yarda ba. Har yanzu zancen jinya yake. Inna tana wurin, shiru. Ban sa rai ba dama. Ba zan bari ba, ko da zan yi ta roƙonsa har azumi ya wuce.

Juma'a, 8 ga Maris

Kaka ta zo gari, wai kasuwa. Kaka da ta yi shekaru ba ta taka kasuwar Juma'a ba saboda ciwon gwiwa. Bayan masallaci ta zauna a tsakar gida, Baba na tsugune, ta dubi bango ta ce a gaya wa mai gidan nan ya bar yarinya ta yi karatun da take so. Baba ya ce to. Shi ke nan, magana ta ƙare.

Da na raka ta hawa mota na yi mata godiya. Ta ce in daina, ita aike aka yi mata. Na ce wa? Ta ce wata ce ta tura Saifuddeen har Indabo ranar Litinin, ta ce a zo a yi magana, ita bakinta ba zai iya ba.

Na dawo na tarar da taswirata, wadda koko ya ɓata na jefar, an goge ta an liƙa a bangon ɗakin Inna, bayan ƙofa, inda baƙo ba zai gani ba. Ban tambaya ba.

Da aka sauke tuwo na ji ta ce wa Auta, "Ka ce wa mai taswirar nan ta zo ta ci abinci."

Ba sunana ba ne. Amma na amsa tun kafin Auta ya buɗe baki.