Keken da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Baba,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna da su Yaya.

Ni lafiya lau nake. Bayana ne ya ɗan riƙe saboda ɗaga tsofaffin da nake jinya, sati biyu kawai na kwanta. Likita ta ce in ban ƙarfafa shi ba, aikin zai gagare ni. Shi ne Litinin da Alhamis nake ɗaga ƙarfe, sauran ranaku in hau keke.

Kada ka yi dariya, Baba, keken a kafe yake cikin ɗaki. Ina takawa sai in rufe ido, in gan ni a bayan kekenka za mu makaranta, na ƙanƙame rigarka, kana cewa, "Janye ƙafa daga taya, uwata!" Rannan mai koyar da mu ta tambaya ko ciwon ne ya sa ni hawaye. Na ce mata e.

Don Allah kada a ba kowa keken nan naka. Har yau ban iya mai tafiya ba. In na dawo, kai za ka riƙe min sirdi.

Allah ya ƙara maka lafiya.

'Yarka